Kifi ya ƙaura, takardar rabo tana nan: rikicin kamun kifi a tekunan arewacin duniya

A watan Agusta na 2010 masunta a garin Peterhead, arewa maso gabashin Sikotilan, suka tare bakin tashar jiragen ruwa, suka hana wani jirgin tsibiran Faro mai suna Jupiter sauke kifin da ya ɗauko. Haka jirgin ya juya da kayansa. Kifin da aka yi wannan sa-in-sa a kansa ba baƙonmu ba ne. Shi ne titus, mai baƙin zane a gadon baya, wanda ake sarowa kwali-kwali daga ɗakunan sanyi a Kano da Kaduna da Jos. Ba ya rayuwa a ruwan Najeriya. A daskare yake zuwa daga arewa maso gabashin Tekun Atlantika, kuma Najeriya na cikin manyan masu sayensa. Yau fiye da shekara 15 da wancan tare hanya, rigimar tana nan da ranta, kifin kuwa sai raguwa yake yi.

Idan ana maganar sauyin yanayi da teku, akan ɗauka zafi ne kawai yake kashe kifi, shi ke nan. A tekunan arewa lamarin ya fi haka sarƙaƙiya. Akwai kifin da ɗumi ya yi wa rana har ya yawaita, akwai wanda ya tattara ya koma wani ruwa, akwai kuma halittar da yunwa ta gama da ita a inda take. Abin da ɗumin ya fi yi wa ɓarna shi ne tsarin da mutane suka gina don kula da su, domin an ɗora shi ne a kan zaton cewa teku zai ci gaba da zama yadda aka san shi.

Sai an ga yadda tsarin yake aiki kafin a gane inda ya tsage. Komai yana farawa da ƙidaya, kuma ƙidayar abin da ba a gani aiki ne mai cin rai. Kowace shekara jiragen bincike kan fita su ja raga a wurare guda, da raga iri guda, na tsawon lokaci guda, don a iya gwada bana da bara. Idan an juye kamun a kan jirgi, sai ma'aikata cikin rigunan roba su ware kifin iri-iri, su auna nauyi da tsawo, su tsaga kan wasu su ciro wani ɗan farin ƙashi da ke cikin kunnen kifi. A ƙarƙashin madubin ƙara girma ƙashin yana da zobba, kowace shekara ɗaya, da su ake sanin wannan ɗan shekara uku ne, wancan ɗan tara. Titus kuma yana da tasa hanyar: tun 1977, duk bayan shekara uku ake bin ruwan yammacin Turai ana ɗibar ƙwansa da ke yawo a ruwa, daga yawan ƙwan a lissafa yawan uwayen da suka zuba shi. Duk waɗannan alkaluma suna taruwa a hannun majalisar binciken teku ta ICES da ke birnin Kofenhagen, wadda aka kafa tun 1902. Ita ke cewa: bana idan ana so kifin ya maye gurbin abin da aka ɗiba, kada a wuce tan kaza.

Shawara ce kawai. Gwamnatoci ne ke mayar da ita doka, sannan su zauna rabo, kuma a nan gizo ke saƙa. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba kowace ƙasa iko da arzikin ruwan da ke gabanta har mil 200 na teku, kimanin kilomita 370. Ba a banza aka kai ga wannan ba. Aisilan kaɗai sau uku tana kai ruwa rana da Birtaniya tsakanin 1958 da 1976, har jiragen yaƙi da na tsaron gaɓa suna karo da juna a kan kifin kod. To amma kifi ba ya tsayawa a iyaka, don haka duk wanda ke yawo tsakanin ruwan ƙasashe biyu ko fiye sai an raba shi da yarjejeniya. Ma'aunin rabon kuwa kusan ko'ina tarihi ne: wa ya saba kama nawa. Tarayyar Turai ta tsayar da kason ƙasashenta a 1983, bisa abin da kowace ta kama tsakanin 1973 da 1978. Wato masuncin yau yana fita teku da kason da aka auna a zamanin kakansa.

Duk matakan nan uku, ƙidaya da ƙayyadewa da rabo, sun jingina ne a kan cewa gobe za ta yi kama da jiya. Wani binciken masana na ƙasar Finlan da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa tun daga 1979 yankin Aktik, wato ƙarshen duniya ta arewa, yana ɗumama kusan ninki huɗu na matsakaicin duniya. Kifi ba shi da zafin jiki na kansa, zafin ruwan da yake ciki shi ne nasa. Ƙarin digiri ɗaya ko biyu, wanda mutum ba zai ma lura da shi ba, yana sauya lokacin da kifi ke zuba ƙwai, da yawan abincin da jikinsa ke buƙata, da inda ƙananan halittun da yake ci suke taruwa. Mai ƙarfin iyo sai ya bi ruwan da ya saba ya nausa arewa. Wanda ba ya iya tafiya mai nisa sai ya zauna ya ga abin da zai faru.

Titus yana cikin masu ƙarfin iyo. Yakan zuba ƙwai a yammacin Ailan da Sikotilan da kuma can kudu wajen Sifen, da bazara ya haura arewa neman abinci, da sanyi ya dawo. Shekaru da dama masu rabonsa uku ne: Tarayyar Turai da Norwe ke ɗaukar kaso mafi tsoka, Faro ta sami kimanin kashi 5 cikin ɗari. Aisilan ba ta cikin lissafi, don kifin ba ya zuwa wurinta da yawan da za a yi magana. Daga wajen 2006 zuwa 2007 sai ga shi ya cika ruwanta. Abu biyu ne suka haɗu: ruwan ya yi ɗumin da zai iya zama a ciki, shi kuma ya yawaita har wurin kiwonsa na da ya yi masa kaɗan. Bai tsaya nan ba. A 2011 aka fara kama shi a ruwan Girinlan, zuwa 2014 ya kai sama da kashi 20 cikin ɗari na darajar abin da Girinlan ke fitarwa waje. A 2013 an gan shi har a tsibiran Svalbard na Norwe, can kusa da ƙarshen duniya ta arewa.

Ga Aisilan, zuwan kifin ya dace da lokacin da bankunanta suka durƙushe a Oktoban 2008, tana neman kuɗin waje ruwa a jallo. A shekarar ta kama sama da tan 100,000. A 2010 ta yanka wa kanta tan 130,000 ba tare da neman yardar kowa ba, Faro ma ta fita daga tsohuwar yarjejeniya ta yanka tan 85,000. Abin da ya fusata masuntan Peterhead ke nan.

Duk wanda ya saurari ɓangarorin biyu da zuciya ɗaya zai ga kowa da gaskiyarsa. Mutanen Sikotilan da Ailan da Norwe suna cewa: mu muka yi haƙuri shekara da shekaru, muka rage jirage, muka bi ƙa'ida har kifin ya yawaita, yanzu wani zai zo ya girbe abin da bai shuka ba. Mutanen Aisilan da Faro suna cewa: kifin nan yana shigowa ruwanmu a rame, ya cinye abincin da sauran kifayenmu da tsuntsayen teku suka dogara da shi, ya fita da ƙiba, sannan a ce mu zuba ido? Dokar teku ta ce ƙasashen da suka haɗa kifi su yi ƙoƙarin daidaitawa. Ba ta faɗi ma'aunin da za a bi ba, ba ta kuma tanadi wanda zai yanke hukunci idan an kasa.

Rigimar ta kai inda ba a zata ba. A Agustan 2013 Tarayyar Turai ta ƙaƙaba wa Faro takunkumi, musamman saboda kifin shawa da Faro ta ninka wa kanta kaso a kansa, aka haɗa da titus a cikin haramcin. Faro yanki ne na masarautar Denmak, amma ba ta cikin Tarayyar. Sai ya zama dole Denmak ta rufe tashoshinta ga jiragen mutanen da suke ƙarƙashin sarauta ɗaya da ita. A Maris 2014 aka yi sulhu tsakanin Tarayyar da Norwe da Faro: Faro ta tashi da kashi 12.6 cikin ɗari, aka ware kashi 15.6 domin Aisilan da Girinlan da Rasha su raba. Waɗannan ba su sa hannu ba, kuma abin da suke kamawa ya haura abin da aka ware musu. Da Birtaniya ta bar Tarayyar Turai a 2020 ta zama mai cin gashin kanta a teburin rabo, wannan sulhun ma ya watse. A 2021 Norwe ta ɗaga kasonta daga 22.5 zuwa 35, Faro daga 12.6 zuwa 19.6.

Abin da ya fi ci mini rai a labarin nan shi ne cewa ba a kan ilimi aka saɓa ba. Shekara da shekara ƙasashen kan zauna su amince da jimillar da masana suka faɗa, a sa hannu, a ɗauki hoto. Daga nan kowa ya koma gida ya sanar da kason da yake ganin shi ne haƙƙinsa, idan aka tara sai ya wuce ɗari bisa ɗari nesa ba kusa ba. Malaman gado sun san irin wannan matsala: akan sami magadan da idan aka haɗa rabonsu sai ya fi dukiyar da aka bari, kuma tun zamanin Sayyidina Umar aka warware ta da auli, a rage wa kowa gwargwadon kasonsa har lissafi ya koma daidai. A teku babu alƙalin da zai yi auli, sai a cike gibin daga jikin uwayen kifi. Lissafin ICES ya nuna tun 2010 abin da ake kamawa ya haura shawara da kusan kashi 40 cikin ɗari a matsakaici. A Maris 2019 ƙungiyar MSC, mai ba da tambarin kamun kifi mai ɗorewa da manyan kantunan Turai ke dubawa, ta janye tambarinta daga titus. A ƙarshen Satumban 2025 ICES ta ce uwayen kifin sun faɗi ƙasa da iyakar haɗari, ta ba da shawarar kada a wuce kimanin tan 174,000 a 2026, ragin kashi 70 cikin ɗari a shekara ɗaya. A Disamba Birtaniya da Norwe da Faro da Aisilan suka daidaita a tsakaninsu, ba da Tarayyar Turai ba, a kan kusan tan 299,000.

Akwai wani abu a ƙarshen labarin da ba a cika faɗa ba. Da kifin ya ragu, sai ya daina nisan tafiya. Daga wajen 2019 ya ja baya daga ruwan Girinlan da na Aisilan, har jiragen Aisilan suka koma bin sa cikin ruwan da ba na kowa ba a Tekun Norwe. Da a ce an sake rabo a 2012 bisa inda kifin yake a lokacin, aka kuma daskarar da shi, da shi ma yanzu ya tsufa. Matsalar ta wuce a ce tsohon rabo bai dace ba. Duk rabon da aka yanka sau ɗaya aka ajiye, teku zai bar shi a baya.

Mutum zai iya cewa laifin rashin jituwa ne, da an haɗa kai da ba haka ba. Tekun Barents, da ke arewacin Norwe da Rasha, yana nuna haɗin kai yana da amfani ƙwarai, kuma yana nuna iyakarsa. Nan ne gidan tarin kifin kod mafi girma a duniya. Tun 1976 hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu take zama kowace shekara, ta cire kason sauran ƙasashe, ta raba ragowar biyu daidai. Ta yi aiki a tsakiyar yaƙin cacar baka, ta yi aiki bayan rushewar Tarayyar Sobiyet. Ko bayan da Rasha ta mamaye Yukren a 2022 aka dakatar da ita daga ICES, masanan Bergen na Norwe da na Murmansk na Rasha sun ci gaba da haɗa alkalumansu, Norwe kuma ta bar tashoshi uku a buɗe ga jiragen kamun kifi na Rasha. Tsarin yana da wata dabara da ta cancanci a tsaya a kanta: an raba kaso da wurin kamu. Ƙananan kod sun fi yawa a gabas, ɓangaren Rasha, manya kuma a yamma. Sai aka ba jiragen Rasha damar kama wani ɓangare na kasonsu a ruwan Norwe, don kada dole ta sa su kwashe 'ya'yan kifi a nasu. Haka kuma da jiragen Aisilan suka matsa da kamu a wani ɗan fili da ba na kowa ba a tsakiyar tekun cikin shekarun 1990, an ƙare rigimar a 1999 da ba ta kaso a cikin tsarin.

Da farko ɗumi alheri ya zame wa kod ɗin Barents. Ƙanƙara ta ja baya, wurin kiwo ya faɗaɗa har arewacin Svalbard, aka sami haihuwa mai yawa a tsakiyar shekarun 2000, aka kuma daƙile satar kamu. A 2013 jimillar kaso ta kai tan miliyan 1. Daga nan waɗancan manyan suka tsufa, haihuwar da ta biyo baya kuma ba ta cike gurbinsu ba. Hukumar tana da wata ƙa'ida da aka sa don kare masunta daga girgiza: kada kaso ya sauya da fiye da kashi 20 cikin ɗari a shekara. Ana iya ganin ƙa'idar tana aiki a cikin alkaluma: tan 885,600 a 2021, sai 708,480, sai 566,784, sai 453,427 a 2024, kowace shekara an cire kashi ɗaya cikin biyar cif. Amma kifin ya fi ƙa'idar saurin raguwa, don haka a waɗannan shekaru ana ɗibar abin da ya fi ƙarfinsa duk da kowa yana bin doka. A 2025 aka sauka zuwa tan 340,000, mafi ƙanƙanta tun 1991, a 2026 kuma 285,000.

Wannan ragi yana isowa har kasuwanninmu. Daga Janairu zuwa Afrilu manyan kod, waɗanda mutanen Norwe ke kira skrei, kan gangaro daga Barents zuwa tsibiran Lofoten su zuba ƙwai. Wanda aka kama sai a cire kai da kayan ciki, a ɗaure biyu-biyu ta wutsiya, a rataya a kan dogayen sandunan katako a fili, iska tana kaɗa su wajen wata uku. Babu gishiri, babu hayaƙi, babu wuta. Sana'ar gaba ɗaya ta rataya ne a kan yanayi: ana son sanyi ya tsaya kusa da digirin sifili. Idan ya tsananta naman ya daskare ya fashe, idan ya yi ɗumi da ruwan sama ƙuda ya sami hanya ko cikin kifin ya yi tsami. Mafi kyawun busasshen jikin Italiya ake kai shi. Kawunan kuwa, waɗanda ake shanyawa dabam a jere a igiya, kusan dukansu Najeriya suke zuwa, inda mutanen kudu maso gabas ke kiran kifin okporoko, kuma duk mai shiga kasuwar Sabon Gari ta Kano ya san warinsa. Idan kaso ya ragu da kashi biyu cikin uku, kawunan ma haka za su ragu, don kowane kifi kai ɗaya gare shi.

A ɗaya gefen duniya, Tekun Bering da ke tsakanin Alaska da Rasha, abin da ya faru ba ruwansa da rigimar ƙasashe. Ƙasa ɗaya ce, Amurka, da hukumomin da ake yabo wajen bin shawarar masana. Duk hunturu ƙanƙara kan rufe wani ɓangare na tekun, idan ta narke sai ta bar wani ruwa mai tsananin sanyi kwance a ƙasa, ƙasa da digiri 2. A cikin wannan ruwa ƙaguwar ƙanƙara take girma, kuma sanyin ne katangarta, don kod ɗin Fasifik da ke cin 'ya'yanta ba ya son shiga. A hunturun 2018 da na 2019 ƙanƙarar ta yi ƙarancin da ba a taɓa gani ba, ruwan sanyin ya kusa ɓacewa. Binciken 2018 ya ga ƙananan ƙaguwa da yawan da ya kafa tarihi, kowa yana sa ran shekarun arziki. A 2020 annobar korona ta hana jirgin bincike fita. A kakar da ta biyo baya aka ba da kaso na kusan tan 20,000. Da jirgin ya fita a 2021 sai ya tarar wayam: ƙaguwa sama da biliyan 10 sun ɓace tsakanin 2018 da 2021. Aka zaftare kaso zuwa kimanin tan 2,500, a Oktoban 2022 kuma hukumar kifi ta jihar Alaska ta rufe kamun gaba ɗaya, karo na farko a tarihi.

Masanan NOAA, hukumar teku da yanayi ta Amurka, sun wallafa sakamakonsu a 2023, kuma bayanin mai sauƙi ne mai ban tausayi. Zafin bai kai na kashe ƙaguwar kai tsaye ba. Ya dai sa jikinta ƙona abinci da sauri, ga su da yawa a cunkushe a wuri ƙarami, sai yunwa ta cinye su. A tsibirin St. Paul, inda 'yan asalin yankin su ɗaruruwa kaɗan ke zaune kuma akasarin kuɗin shigar garin daga harajin ƙaguwa yake fitowa, rufewar ta taɓa komai, har ayyukan yau da kullum na hukumar gari. An sake buɗe kamun a kakar 2024 zuwa 2025 da ɗan kaso kaɗan. Irin wannan makanta ta taɓa faruwa a mashigin Maine da ke gabashin Amurka, wanda tsakanin 2004 da 2013 ya fi kashi 99 cikin ɗari na tekunan duniya saurin ɗumama: masunta suna bin kasonsu, kod yana ƙarewa, saboda lissafin da aka fitar da kason bai san da zafin ruwa ba.

A ganina, idan aka ajiye waɗannan labarai kusa da juna, abin da ya fi gaggawa ba sabon ilimi ba ne, ko da yake shi ma ana buƙatarsa, kuma duk gwamnatin da ta rage kuɗin jiragen bincike a irin wannan lokaci ta rufe idonta ne da hannunta. Abin da ya fi gaggawa shi ne a rubuta ƙa'idar sauya rabo tun kifin bai motsa ba, lokacin da babu wanda ya san ko shi ne zai samu ko shi ne zai rasa. Akwai masu cewa a raba bisa yawan kifin da ke ruwan kowa, a riƙa sabunta lissafin duk bayan 'yan shekaru. Birtaniya ta riƙe wannan hujja a lokacin ficewarta daga Tarayyar Turai. Magana ce mai ma'ana, amma ba ta kashe gardama: wane wata za a auna, na zuba ƙwai ko na kiwo? Ƙwai za a ƙidaya ko manya? Kowace amsa tana da wanda take yi wa daɗi. Kuma garin da ya ci bashi ya gina jirage da masana'antar sarrafa kifi bisa tsohon kaso ba zai yarda a ce masa kifinka ya tafi, sai haƙuri, ba tare da an ba shi lokaci ko diyya ba. Shi ya sa dabarar Barents ta fi kwanta mini: a bar mai kaso ya bi kifinsa zuwa ruwan maƙwabci, a ba sabon shiga wani abu da wuri kafin ya yanka wa kansa, a kuma bar tazara mai faɗi tsakanin abin da lissafi ya halatta da abin da ake ɗiba, tunda lissafin kansa yanzu yana tafiya a bayan teku.

Wuri ɗaya ne aka yi rigakafin tun kafin a jefa raga. A tsakiyar Tekun Aktik akwai ruwa mai faɗin kusan murabba'in kilomita miliyan 2.8 da ba na kowace ƙasa ba, wanda ƙanƙara ta tsare tun fil azal, yanzu kuma wani ɓangarensa yana buɗewa da bazara. Amurka da Rasha suna da tabon abin da ya faru a irin wannan fili a tsakiyar Tekun Bering, inda jiragen ƙasashe daban-daban suka share kifin folok a ƙarshen shekarun 1980, aka dakatar da kamu a 1993 bayan ya riga ya ƙare, har yau bai farfaɗo ba. A ranar 3 ga Oktoba 2018, a garin Ilulissat na Girinlan, ɓangarori goma suka sa hannu: Amurka, Kanada, Rasha, Norwe, Denmak a madadin Girinlan da Faro, Aisilan, Sin, Japan, Koriya ta Kudu da Tarayyar Turai. Sun amince ba za a yi kamun kasuwanci a can ba sai an yi bincike an kuma kafa ƙa'ida, kuma sun rubuta cewa za a yi la'akari da sanin 'yan asalin yankin tare da na masana. Yarjejeniyar ta fara aiki ranar 25 ga Yuni 2021, na tsawon shekara 16. Daga 2037 za ta riƙa sabunta kanta duk shekara biyar, sai idan wani ɓangare ya ƙi, kuma ƙin ɓangare ɗaya ya isa ya tsayar da ita. Ba ta ce komai ba game da wanda zai sami nawa ranar da aka buɗe ruwan.